Ranar da Harira Ta Kashe Allon Kwamfuta

Wayar ce ta fara magana kafin mai ita ta buɗe baki. An ajiye ta a kan teburin Malama Harira, tsakanin kofin shayi da tulin littattafan da aka dawo da su, sai ga wata murya ta inji tana zuba Turanci da sauri kamar ana korar ta. Harira ta ɗago kai. Wata budurwa ce a tsaye, doguwa, cikin hijabi ruwan toka, farar sanda a naɗe a hammatarta, yatsanta yana shafa fuskar wayar a hankali.

"Malama, sannu da aiki. Ke ce mai yin jagorar kwasa-kwasan nan ta intanet?"

"Ni ce," in ji Harira, har da ɗan gyara zama, don a watannin nan duk wanda ya yi mata wannan tambaya, yabo ne ke biyo baya.

"To don Allah saurara ki ji aikinki."

Budurwar ta rage saurin muryar. Injin ya karanta sunan kwaleji, ya karanta sunan kwas ɗin Ƙididdiga na 'yan aji biyu, tiryan-tiryan. Daga nan sai ya ce, hoto. Yatsa ya matsa, ya ce, hoto. Ya sake matsawa, hoto. Harira ta ji kalmar har ta gaji da jin ta kafin budurwar ta kashe muryar.

"Sunana Juwairiyya Isiyaku, daga sashen nazarin zamantakewa. Kowa a ajinmu yana sa miki albarka. Ni ma sa albarkar na zo yi, amma na ce bari in fara jin abin da ke cikin hotunan tukuna."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Har da murmushi. Shi ya sa ma ta fi shiga jiki.

Bari in ɗan koma da ku baya, don ku san wace ce Harira. Shekararta goma sha huɗu tana aiki a laburaren wata kwaleji a nan arewacin kogin Kaduna. Ta gaji da ganin ɗalibai suna zagaye kantoci kamar kajin da aka sake a baƙon gida, ba su san littafin da za su ɗauka ba, tambayoyin jarrabawar baya kuma suna kulle a wani kabad da makullinsa ke aljihun mutum ɗaya. Sai ta nemi izinin shugaban laburare ta buɗe wa kowane kwas shafinsa a intanet. In ɗalibi ya shiga, zai ga littattafan da malami ya ambata da kantar da suke, da maƙalun da ake samu kyauta, da tambayoyin shekara biyar da suka wuce. Ba ta tsaya nan ba, ta yi wa sababbin ɗalibai nasu shafin, ta yi wa masu karatun ƙarshen mako nasu, har masu goyo ta tara musu inda za su sami abin da suke buƙata ba sai sun hau bene ba. Wata huɗu tana wannan aiki. Takardun kabad ɗin nan kaf ta ɗora su a kan na'ura ta ɗauke su a hoto, ɗaya bayan ɗaya, har kafaɗarta ta riƙe.

Abin da ba ta sani ba shi ne, takardar da aka ɗauka a hoto rubutu ce ga mai ido kawai. Ga manhajar da ke karanta wa marar gani, bango ce da aka shafe da siminti.

"Ki yafe ni," in ji Harira. "Wallahi ban taɓa tunanin masu... masu lalurar gani ba."

"Ki ce makauniya kawai, Malama, ba zagi ba ne. Kuma ba ke kaɗai ba ce ba ki yi tunanin ba. Ke ce dai kaɗai na samu a kan kujerarki."

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Duk sauran kwasa-kwasai tana cin su, wasu ma da maki mai kyau. Ƙididdiga ce ta tsaya mata a wuya. Sau biyu tana faɗuwa. Dokar makaranta kuwa, wanda ya faɗi kwas ɗaya sau uku, sai ya tattara nasa ya nasa. Saura mako shida jarrabawa.

"To da wa kike karatun duk tsawon lokacin nan?"

"Da Babana," in ji ta. "In kina so ki ji, gidanmu ba nisa."

* * *

Ranar Asabar da hantsi Harira ta hau keke napep zuwa unguwar Badarawa. Gidan haya ne a cikin lungu, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida mai tsabta kamar an lashe. Larai, mahaifiyar Juwairiyya, tana gaban tanda tana juya waina, ta tarbe ta da sannu da zuwa har ba iyaka, ta cika mata faranti duk da rantsuwar da ta yi cewa ta karya. Malam Isiyaku kuwa direban bas ne, Kawo zuwa Zariya, gajere mai furfura a gemu. Ranar ya ba wani yaronsa motar don ya ga baƙuwa.

"Uwata, kunna mata mana," ya ce da 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba. "Kunna, ta ji abin kunya."

Juwairiyya ta kunna. Muryarsa ce, yana karanta Turanci a hankali, yana taka kowace kalma kamar mai tsallaka kwata. A bayansa kuwa tashar Kawo ce gaba ɗayanta: hon, da ƙarar injin, da ɗan kamasho yana kiran Zariya mutum ɗaya, da mai ruwan leda. Ashe kullum in ya shiga layin lodi, sai ya zauna a kujerar direba ya ɗora takardunta a kan sitiyari ya karanta a waya, ya tura mata. Shekara biyu ke nan.

"Ni a aji uku na sakandare na tsaya, Malama," in ji shi. "Masu labari ina iyawa. Wannan mai lissafin ne ya fi ƙarfina."

A cikin wayar aka ji ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya ce, "To Uwata, a nan akwai wata alama kamar M ce ta faɗi ta kwanta a kan haƙarƙarinta. Sai ekis mai hula. A ƙasansu an ja layi, sai wani ɗan ƙwai mai wutsiya." Daga nan ya shiga jadawali, ya dinga jero lambobi daga sama har ƙasa, arba'in da wani abu, babu mai cewa wannan ta wane gida ce.

Larai ta yi dariya daga bakin tanda. "Ni ma na haddace ekis mai hular nan. Rannan har a mafarki na gan shi."

Harira ta yi dariya ita ma, amma ta ajiye wainar da ke hannunta. Yarinyar nan sau biyu tana shiga jarrabawa da lambobi a kanta kamar an zuba gero da dawa a ƙwarya ɗaya.

"Ba ku je sashensu kun yi magana ba?"

"Sau uku," in ji Malam Isiyaku. "Na farko aka ce a yi haƙuri ba a yi tanadin irinsu ba. Na biyu aka ce mai ofishin ya tafi taro. Na uku wani ya ja ni gefe, da kyakkyawar niyya fa, ya ce me ya sa zan wahalar da ita, in ta gama ma wa zai ɗauke ta aiki." Ya shafa gemu. "A tasha ma haka suke ce min. Na ce musu ƙyanda ta ɗauke mata ido tana shekara tara, ban ji likita ya ce ta haɗa da kai ba."

"Baba, wainarka tana hucewa," in ji Juwairiyya.

* * *

Ranar Litinin, Garba, abokin aikinta da ke kula da aron littafi, ya shigo ya tarar da Harira zaune gaban kwamfuta, allon baƙi ƙirin, abin sauraro a kunnenta, yatsunta suna lalube.

"Hajiya, an ɗauke wuta ne a teburinki kaɗai?"

"Ni na kashe."

"To me kike kallo?"

"Ba na kallon komai. Abin da nake so in koya ke nan."

Ta sauke manhajar karatun nan ta kyauta, ta rantse ba za ta kunna allon ba sai ta iya zagaya shafinta da kunne. Ai kuwa ta sha mamaki. Shafin da take alfahari da shi, wanda ta yi wa ado da launin kore da ruwan ƙwai, da ta shige shi a makance sai ta ɓace kamar baƙo a Kasuwar Bacci. Wurare goma sha bakwai ta rubuta "latsa nan", muryar kuma ta dinga cewa latsa nan, latsa nan, ba ta faɗin ina ne nan ɗin. Kanun da ta ƙara wa girma don su fito, a kunne daidai suke da sauran rubutu. Kafin azahar kanta ya yi nauyi. Ta kunna allon, ta dubi aikinta na wata huɗu, ta ce a ranta, ashe rabin gida na gina.

Ta fara zuwa wurin Dakta Tukur, malamin kwas ɗin, ta roƙe shi ainihin rubutun darasinsa da ke cikin kwamfutarsa, don injin yana iya karanta wannan.

"Malama Harira, ina tausayin yarinyar," in ji shi, yana tattara takardu. "Amma in na ba ki yau, gobe yana cikin kowace waya a makarantar nan. Wa zai ƙara zuwa aji?"

"Dakta, ita kaɗai za a ba."

"Haka kowa yake cewa. Ta samu wata ƙawa ta dinga karanta mata mana."

Harira ba ta ja ba. Ita mace ce da ba ta iya dogon musu, sai dogon aiki. Ta tono wani littafin ƙididdiga da masu shi suka sake shi kyauta ga duniya, ta bi manhajar kwas ɗin babi-babi tana haɗa kowane darasi da inda yake a littafin. Tambayoyin baya kuwa, da izinin shugabanta, ta zauna ta sake buga su da hannunta, harafi bayan harafi. Kowace alama ta rubuta sunanta da aikinta. M mai kwanciyar nan ta koma "jimillar", ekis mai hula ya koma "matsakaici". Jadawali ne ya fi ba ta wuya. Sai da ta gano cewa dole kowace lamba ta zo da sunan gidanta a goshi, a fara faɗin layi nawa ne a tsaye, nawa ne a kwance, sannan a bi su ɗaya-ɗaya.

Talata da Alhamis bayan la'asar Juwairiyya takan zo ta gwada. Kuma kada ku ɗauka godiya kawai take yi. Yarinyar akwai tsauri.

"Anti, wannan jadawalin ya cika surutu." Zuwa lokacin ta daina ce mata Malama. "Kin maimaita min sunan gari sau tara. Ni makauniya ce, ba mai mantuwa ba."

"To uwar iyayi, ya kike so?"

"Faɗi sau ɗaya a farkon layi, ki sake ni in tafi."

A mako na uku, suna cikin tambayar shekarar da ta fara faɗuwa, Juwairiyya ta tsayar da injin. Ta sa aka maimaita mata jadawalin. Leɓunanta suna motsi, yatsunta suna taɓa gefen tebur kamar mai jan carbi. Can ta faɗi amsa. Harira ta duba takarda, daidai ne har ɗigo.

"Dama wannan ce tambayar?" in ji Juwairiyya. Muryarta ta yi ƙasa. "Wannan ɗin ce ta kayar da ni?"

Harira ta ɗauko kofi. Ta miƙa mata ruwa.

Labari ya zaga, kun san makaranta. Kafin wata ya ƙare, mutum shida suka zo teburin Harira da sandunansu da wayoyinsu, daga sassa daban-daban. Da ta tambayi ofishin rajista yawan ɗalibai marasa gani, aka ce ba a ware su a lissafi ba. Sai ta buɗe musu shafinsu, ta sa duk abin da ta gyara, da sunan wanda za a nema a laburare, wato ita. Garba da ke tsokanar ta, shi ma aka wayi gari yana buga tambayoyin Tarihi a lokacin cin abincinsa, yana ƙunƙuni yana bugawa.

* * *

Ranar jarrabawa ta faɗo Laraba, ƙarfe tara na safe. Malam Isiyaku ya bar layinsa na lodi ya kawo ta da kansa a bas ɗin, ita kaɗai a kujerar gaba. Harira tana jiran su a ƙofar zauren.

Tara ta yi, sauran ɗalibai suka duƙufa. Juwairiyya tana tsaye a baranda, don babu wanda ya tuna cewa ana ware mata ɗaki da mai karanta mata tambaya ya rubuta amsa. Harira ta je wurin babban mai sa ido.

"Yallaɓai, ni zan iya karanta mata. Na san yadda ake yi."

"Sunanki yana cikin masu sa ido?"

"A'a, daga laburare nake."

"To kin gani. Kuma ke kika koyar da ita, in ji mutane. Doka ba ta yarda ba."

A nan dai yana da gaskiya, ita ma ta sani. Aka yi ta aike. Sai tara da minti ashirin da biyar aka samo Malam Faruk, wani akawu daga ofishin jarrabawa, aka zaunar da su a wani ɗan ɗaki da ake ajiye kujerun da suka karye. Mutumin kirki ne, amma tun da ya bar sakandare bai ƙara haɗa ido da ƙididdiga ba. Ya buɗe takarda, ya ga jadawali, ya fara jero lambobi daga sama.

"Malam, tsaya," in ji Juwairiyya. "Don Allah fara gaya min, layi nawa ne a tsaye?"

"Huɗu."

"Karanta min kan kowanne. Yauwa. Yanzu ɗora yatsanka a layin farko na kwance, ka bi shi zuwa dama. Kowace lamba ka faɗa min a ƙarƙashin wane kai take."

"Akwai wata alama a nan, ban san sunanta ba."

"Kwatanta min ita, zan gane."

Haka ta koya wa mai karanta mata karatu, a cikin lokacin jarrabawarta. Malam Faruk yana gumi yana rubutu, har ya fara cewa "to, to" da sauri in ta kawo amsa, kamar shi ma yana ci.

A waje, Harira da Malam Isiyaku suna zaune a kan benci ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Ya ciro goro ya ɓare, ya manta bai ci ba.

"Malama, in ta ci, ta ci. In ba ta ci ba, ke dai kin yi naki. Allah ya gani."

"Ba nawa nake ji ba, Baba."

Ƙarfe goma sha ɗaya daidai aka buga ƙararrawa, aka karɓe takardun kowa, har da tata. Mintunan da aka cinye mata a baranda babu wanda ya mayar. Ta fito tana lalube da sanda, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Uku na amsa cikin huɗu," ta ce. "Ta huɗun na san ta. Yana cikin karanta min ita aka buga."

* * *

Bayan mako biyar sakamako ya fito. Arba'in ake nema, ta samu arba'in da huɗu. Larai ta aiko da waina cike da kula har laburare, aka ci har da masu gadi. Malam Isiyaku kuwa, an ce ranar duk fasinjan da ya shiga motarsa sai da ya ji labari, daga Kawo har Kwangila ta Zariya, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Juwairiyya ta zo ta zauna a gefen teburin, ta ce, "Anti, buɗe shafin. Tambaya ta huɗun nan zan faɗa miki yadda ake yin ta, ki sa wa na baya." Ta faɗa, Harira ta buga, ba ta gyara mata ko lamba ɗaya ba.

Tun washegarin jarrabawar Harira ta rubuta takarda zuwa ofishin da ke tsara jarrabawa. Abu uku kawai ta roƙa: a tanadi ɗaki tun kafin ranar, a horar da masu karantawa, a ƙara wa marasa gani lokaci. Ta sa sunayen ɗalibai bakwai a ƙasa. Da wani zangon ya raba tsakiya ba ta ji amsa ba, ga kuma wasu jarrabawar suna tafe, ta hau bene ta je bin sawu.

Sakatariyar tana waya, ta yi mata alama da hannu ta jira. Harira ta tsaya tana duban teburin. Can gefe ta hango takardarta. An ɗora kular abinci a kanta, gindin kular ya bar zoben manja a daidai kan sunayen, ya rufe uku daga ciki.

"Ana kan dubawa," in ji sakatariyar, ta rufe bakin wayar da tafin hannu. "Ki dawo wani makon."

Harira ta ɗaga kular a hankali, ta zare takardar, ta goge ta da gefen mayafinta. Man ya riga ya shiga. Ta ɗora ta a saman tulin fayil, ta daidaita gefenta, ta yi sallama. Tana kan matakala ta ji ƙarar kular an mayar da ita kan tebur, ba ta juya ta ga a kan me aka ɗora ba. A ƙasa mutum biyu suna jiran ta a bakin laburare, sandunansu a jingine da bango.